Sarƙar Da Surukina Ya Bari Rabi

Surukina ya rasu ranar wata Talata cikin daminar bana, jim kaɗan bayan an sauko daga sallar asuba. Na Allah ne mu, wurinsa kuma za mu koma gaba ɗaya, da mai haƙora da wanda nasa suka fara zubewa irina.

Kafin hantsi ya ɗaga, layin gidansa a Sharada ya cika. Malamai sun zo, 'yan kasuwa sun zo, amma mu masu injin yankan itace mun fi kowa yawa. Ana gane mu da baƙin mai a ƙarƙashin farce, da kuma ihu, don injin ya cinye mana rabin kunne. Sai ka ji mutum yana cewa "Allah ya jiƙan Baba" kamar mai kiran wani a ƙetaren kogi. Wani daga Hotoro ya zauna ya dafe kai yana cewa, "To yanzu wa zai riƙa yi mana faɗa?" Mai abincin da ke bakin kamfanin roba ta shiga wajen mata tana kuka, tana cewa tun da ta kafa tukunya bai taɓa barin wuƙarta ta dakushe ba. Amininsa, tsohon ma'aikacin masaƙa, Kirista mutumin Filato, ya cire hula ya zauna a bakin tabarma.

Wanda ya tayar mini da hankali shi ne mai haƙar kabarin unguwa. Mutum ne da ya binne rabin Sharada idonsa a bushe, sai ga shi yana share hawaye da gefen riga. Ya ja ni gefe ya ce, "Malam, akwai magana. Babu itace."

Na ce, "Wane itace?"

Ya ce, "Na rufe kabari. Ko guda babu a rumfar maƙabarta. Tun da Baba ya kwanta ciwo babu wanda ya kawo."

Kowa ya san in an sa mamaci a ƙaramin ramin ciki, sai an jera itace a kai, an toshe kafofi da ganye da laka, kafin a tura ƙasa. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, shekara da shekaru itacen maƙabartar nan ta hannun surukina yake zuwa. Ga shi ranar tasa babu. An kuma sa jana'iza bayan azahar. Zan dawo kan wannan, amma bari in fara gaya muku ko wane ne, don shi ya sa na ɗauki biro, ni da karatuna bai wuce na yaƙi da jahilci ba, shi ma an kore ni saboda surutu. In kun ga harafi ya karkace, ku yi haƙuri, hannun injin ne.

Daga wani ƙauye a ƙasar Jigawa ya zo Kano yana saurayi, ya sami aiki a kamfanin fata a Challawa. Aikinsa washin wuƙaƙen da ake kankare fata da su. Da kamfanin ya rufe, bai koma gida ba. Ya kafa rumfa a gindin wata darbejiya a Sharada, ya ajiye magagarai iri-iri, ya koma washin sarƙar injin yankan itace. Nan na same shi, ina sare bishiyoyin da suka tsufa a harabar kamfanoni, daga Bompai har Kumbotso. Na kai masa sarƙa, na hango 'yarsa ta kawo masa fura, daga nan ban ƙara kai sarƙa ko'ina ba. Ya ɗauka son aikinsa nake yi. Da ya gane, aikin gama ya gama.

Daga ranar da aka ɗaura aure kunya ta shiga tsakaninmu, irin ta mutanen da. Ban taɓa kiran sunansa ba, shi ya sa ba za ku gan shi a takardar nan ba. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba. In na zo rumfa sai in tuɓe takalmi tun daga nesa, in durƙusa, in gaishe su ina kallon ƙasa, in ajiye sarƙoƙina in koma bayan bishiya. Shi ma ba ya kiran nawa. Matata kuma 'yar farinsa ce, ita ma ba ya faɗin nata. Idan zai yi zancenmu sai ya ce "mutanen gidan can". Ni kuwa "wancan mai injin".

To yaya za a yi ya yi mini faɗa, alhali ni mutum ne da kullum nake bukatar faɗa? Sai ya samo hanya. Sarƙar yake yi wa magana.

Zai ɗaga ta sama ya juya ta a haske, ni ina maƙale a bayan darbejiya, ya ce, "Kai, baiwar Allah, wa ya tura ki cikin ƙasa? Ke haƙori aka ba ki ko garma? Mai ke ɗin nan ba ya ganin inda itace ya ƙare ƙasa ta fara?"

In abin ya fi ƙarfin sarƙa, sai ya juya wajen amininsa mutumin Filato, wanda kullum yake zaune a kan wani gungumen kirya a gaban rumfar, ya ce, "Ka gaya wa wancan mai injin, bishiyar kamfani ba ta daji ba ce. An buga mata ƙusa, an ɗaura mata waya, ta haɗiye. Ya riƙa dubawa."

Mutumin Filato zai waiwayo ya ce da ni, "Ka ji dai."

In ce, "Ku gaya musu na ji."

Ya ce, "Malam, ya ce ya ji. Ni dai ku fara biya na kuɗin tafinta, tun da ga ku kusa da juna kamar hanci da baki."

Da haka na san ire-iren sarƙa, ba tare da an taɓa zaunar da ni ba. Akwai mai kusurwa, wadda bakin haƙorinta yake a tsaye kamar lungun akwati. Ita ce gwanar sauri a ɗanyen itace mai tsabta, amma yashi kaɗan ya taɓa ta ta mutu. Surukina yana ce mata 'yar gayu. Akwai mai zagayayyen baki, ba ta da gaggawa amma tana jure busasshen itace da ɓawo mai ƙasa, ita yake kira 'yar ƙauye, kuma ita ya fi so. Akwai wadda aka rage wa haƙora aka bar tazara a tsakani, ta dogon inji da manyan kututture, don ta sami wurin zubar da abin da ta ci. Wannan mai wushirya ce a bakinsa. Sai ta tsaga, wadda ake fitar da katako da ita a bin tsawon itace, washinta kusan a miƙe yake, ba a karkace kamar sauran ba. Kowace da magagarin da ya yi daidai da bakinta. In ka sa babba a ƙaramin haƙori, ko ƙarami a babba, ka ɓata ta.

Ni 'yar gayu nake so. Ko ina ita nake ɗaurawa, har a itacen da ya shekara a kwance cikin yashi. Sai in dawo da ita a dakushe kafin rana ta take, shi kuma ya tambaye ta ko wa ya zalunce ta.

In yana washi kuwa, ko liman ne ya zo sai ya jira. Zai wanke sarƙar da kananzir, ya ɗaura ta a jikin inji ya ɗame, ya nemo haƙorin da ya fi kowane lalacewa ya shafa masa alli. Daga shi ake farawa, kuma tsawonsa za a mai da sauran. Magagari yana shiga daga cikin haƙori ya fita waje, turawa kawai, in zai dawo sai a ɗaga. Karkatar hannu tana bin ɗan layin da aka zana a saman haƙorin. Abin da ka ba na farko shi za ka ba na ƙarshe. Haƙoran kuwa bi da bi suke, na hagu, na dama. Sai ya gama gefe guda kaf, sannan ya juya injin ya kama ɗayan. Yakan ce wa sarƙar, "In na fifita 'yan hagu a kan 'yan dama, karkacewa za ki yi, a ce ke ce ba ki da tarbiyya." Gwajinsa guda ne, ba ya taɓa haƙori da yatsa. Abin da injin yake zubarwa yake kallo. In gari ne kamar na tuwo, sarƙa ta mutu. In ɓarza ne manya-manya kamar ɓawon gyaɗa, tana da rai.

Na taɓa gwadawa a gida a ɓoye. Da na sa injin a itace sai ya yanka ya yi kwana, ya fito da wani abu kamar jinjirin wata. Matata ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Na jefa magagarin a kan rufin ɗaki, na ce kowa da abin da Allah ya hore masa.

Rigimarmu guda ce, kuma a kan maigadi aka yi ta. A gaban kowane haƙori akwai wani ɗan tudun ƙarfe da yake hana shi cizon da ya wuce kima. Shi surukina yake kira maigadi, wai kamar na ƙofar kamfani ne, ba ya barin a fita da abin da ya fi ƙarfin aljihu. Ana rage masa tsawo da shimfiɗaɗɗen magagari in haƙora sun gajarce, amma kaɗan-kaɗan. Ni kuwa so nake a zaftare shi sosai injin ya riƙa cin itace kamar kura. Na aika ta bakin mutumin Filato. Amsa ta dawo: "Ka gaya masa ba zan mai da 'yata bazawara da hannuna ba."

Na ji haushi. Na ce ni nake ɗaukar injin a kafaɗa, ni rana take duka, shi yana inuwa. Na kwashi sarƙoƙina na kai wa wani mai injin washi na lantarki. Nan da nan ya gama, ya zaftare masu gadin yadda nake so, haƙoran har sun yi shuɗi don zafi. Har yau ina cewa ina da ɗan gaskiya, don kwana biyun farko injin ya yi gudun da bai taɓa yi ba. A rana ta gaba ne, a harabar wani kamfani a Bompai, bakin injin ya taɓi reshe ya yi tsalle ya dawo kaina. Allah ya sa na kauce da fuska, ya sauka a kafaɗa. Tabon yana nan, jikokina suna ce masa titin jirgi.

Ina kwance a asibiti sai na ji muryarsa a waje. Bai shigo ba. Ya zauna a benci a bakin ƙofa ya ba ɗakin baya, tun safe har la'asar. Na ji yana cewa amininsa, "Tambaye shi ko yatsun suna motsi." Aka tambaye ni, na ce suna yi. Ya ce, "Alhamdu lillahi." Bai ce ai na faɗa ba. Duk watannin da na yi ina jinya, buhun masara ya riƙa bayyana a zaurenmu, in an tambaya a ce ba a san wanda ya kawo ba, alhali ga baƙin mai a bakin buhun. Da na warke na tarar an je an karɓo sarƙoƙina. Waɗanda suka ƙone ya rataye su a ƙusa a gaban rumfa inda kowa zai gani, ya bar su nan shekaru. In sabon mai inji ya tambaya, sai ya ce, "Na wani ne." Duk Sharada ta san wanin.

Maganar itacen kabari kuwa, mutumin Filato ne ya ba ni labarinta. Lokacin suna samari a Challawa, surukina yana ɗaki ɗaya da wani ɗan Nijar da ba shi da kowa a Kano. Zazzaɓi ya kashe shi cikin damina. Aka haƙa kabari, aka rasa abin rufewa, sai ƙyauren ɗakinsu suka cire suka farfasa. Surukina ya kwana biyu yana barci a ɗaki ba ƙofa. Tun daga nan ya ɗora wa kansa samar da itacen kabari. Da ya kafa rumfa sai ya sa doka: duk mai injin da ya sauke itace a maƙabarta ranar Juma'a, washinsa na makon kyauta ne. Mu da muke son banza muka riƙa rige-rige. Muna ganin mun cuce shi, ashe lada yake tura mu nema da ƙarfin tsiya.

Gungumen kiryar nan da amininsa yake zama a kai, shi kaɗai ya hana a taɓa. Yakan ce, "Wannan nawa ne. Gara ba ta cin kirya." Mu kan yi dariya.

To ranar Talatar nan, da mai haƙar kabari ya gama magana, 'ya'yansa maza suka ce ai ba komai, a je kasuwa a sayo. Maganar ta shiga cikin gida. Sai ga matata ta leƙo zaure idonta jawur, ta ce, "Inna ta ce a gaya maka, mutumin da ya rufe baƙi da itacen sadaka ba za a rufe shi da na kasuwa ba. Ta ce ya ajiye nasa, kuma kai ne mai inji."

Muka tafi rumfa ni da mutumin Filato da wasu masu inji. Kiryar tana nan, ta bushe ta yi tauri kamar ƙarfe, gindinta ya nutse cikin yashi. Sarƙoƙina kuwa duk sun mutu, don tun da ya kwanta nake ta jan su haka nan, ina cewa gobe zai tashi. Wani ya zaro sabuwar 'yar gayu daga jaka ya ce, "Ga wannan, yanzu za a gama." Hannuna har ya miƙa. Sai na kalli yashin da ke cikin ɓawon kiryar, na ce, "Ba za ta kai rabi ba. 'Yar ƙauye za a nemo."

Muka buɗe rumfar. Ga wata nan a ɗaure a jikin inji a inda yake aiki, mai zagayayyen baki, tawa ce ma, wadda na kawo masa kafin ya kwanta. Ga allinsa a jikin haƙori guda. Ga magagari a ajiye a kan tsumma. Na duba da kyau. 'Yan hagu duk suna ƙyalli, ya gama da su. 'Yan dama ko taɓa su bai yi ba. A nan ciwon ya kama shi.

In aka yanka da ita haka, kwana za ta yi. Itacen da ya karkace kuwa ba ya zama daram a bakin rami, sai ya bar kafa ƙasa ta zubo wa mamaci. In na wasa 'yan dama ban dace da hannunsa ba, duk ɗaya ne. Na waiwaya ina neman wanda zai karɓa, kowa ya sunkuyar da kai. Duk shi ya sangarta mu.

Mutumin Filato ya ce, "Zauna."

Na ce, "A mazauninsu? Ni?"

Ya ce, "Shekara nawa kana laɓe a bayan bishiyar nan kamar ɓarawon akuya? Kana tsammani sarƙa yake koya wa? Sarƙa tana da kunne ne? Zauna, rana tana yi."

Na tuɓe takalmi na zauna. Na juya injin. Na ɗora magagari a kan wani ɗan hagu da ya gama, ba don in wasa ba, don hannuna ya ji karkatar da ya bi. Sannan na koma kan na dama. Turawa, ɗagawa. Turawa, ɗagawa. Gumi yana shiga mini ido. Wani ya ce an kusa kiran salla, a yi sauri. Ban san lokacin da na buɗe baki ba, sai ji na yi ina cewa, "Ke dai yi haƙuri, baiwar Allah, kada ki kunyata ni yau. Abin da aka ba 'yan'uwanki shi zan ba ki." Da na zagayo, na bi masu gadin ɗaya bayan ɗaya, na shafe su kaɗan, kaɗan ɗin da ya hana ni wucewa tun farko.

Muka ɗaga kiryar daga ƙasa, muka kankare yashin. Na yi bisimilla na ja igiyar tayar da injin. Da sarƙar ta shiga, ban kalli itacen ba, ƙafata na kalla. Ɓarza ne yake zuba, jajaye, manya-manya. Injin ya sauka ya fita ta ƙasa a miƙe, gunduwar ta faɗi, fuskarta sumul kamar an goge. Mutumin Filato ya durƙusa da ƙyar ya ɗebi ɓarzan a tafin hannu. Sai ya juya wajen rumfar da babu kowa, yadda ya saba, ya ce, "Malam, ka gani? Wancan mai injin ya ji." Daga nan ya fashe da kuka, mu ma muka taya shi.

Sauran suka tsaga gunduwoyin da gatari da guduma, muka isa maƙabarta ana sauke makara. Ni na miƙa wa mai haƙar kabari itacen ɗaya bayan ɗaya, yana jerawa, kowane ya zauna a bakin ramin ya haɗe da ɗan'uwansa. Ya ɗago ya ce, "Ko ganye ba a bukata sosai." Aka shafe da laka, aka tura ƙasa.

Yanzu ni nake zama a rumfar. Washina bai kai nasa ba, masu inji suna gaya mini haka kullum da ihu, amma suna kawowa, kuma dokar Juma'a tana nan. Rumfar maƙabarta ta cika har ta yi tozo. Mutumin Filato ya rasa gungumen zama, na yanka masa na darbejiya, yana ta ƙorafin wai bai kai wancan daɗi ba.

Sarƙar nan ban ƙara ɗaura ta ba. Na cire waɗancan ƙonannun daga ƙusa na rataye ta a wurinsu. Rabin haƙoranta hannunsa ne, rabi nawa, aikin da muka taɓa yi tare ke nan ni da shi.

Baba, ban taɓa yi muku magana ba sai ta bakin wani, yau kam babu tafinta. Na gode. Na gode da 'yarku, na gode da masarar da ba ku kawo ba, na gode da faɗan da kuka yi wa sarƙa. Allah ya yalwata muku makwanci, ya sa inuwar da kuka yi wa baƙi ta tarye ku a can. Wanda duk ya karanta wannan, ya yi musu addu'a. In kuma yana da inji, Juma'a tana zuwa.